Yadda zaka bi diddigin tarihin ƙauyen Nahalal daga kan wayarka

Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar manoma ta gama-kai ya san yadda abin yake yawan ƙarewa, a fara da zumuɗi a zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji, kafin damina biyu kaji ana ta rigima akan buhun taki goma. To wannan ciwon ne yasa nake yawan karanta yadda wasu suka yi nasu, kuma a cikin karance-karancen na ci karo da wani ɗan ƙauyen Yahudawa mai suna Nahalal, a arewacin Isra'ila ta yanzu, wanda aka kafa a 1921 lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila ana kiranta Falasɗinu. Shine na farko a irin ƙauyukan da suke ce wa moshav. Abinda nake so in nuna maka shine yadda zaka tono tarihinsa da kanka, ba sai ka je ba, waya ce kawai da data da ɗan haƙuri, kuma hanyar zata yi maka aiki akan kowane ƙauye irinsa.

Amma in gaya maka tun yanzu, maganar nan tana da zafi, kana shiga intanet zaka samu masu yabo zalla da masu zagi zalla kuma kowanne zai ɓoye maka rabin labarin. Shi yasa bana fara wa da karanta ra'ayin kowa, da taswira nake farawa.

Ka buɗe Google Maps ka rubuta Nahalal, in ya ƙi fitowa ka kwafi wannan ka saka, נהלל, haka ake rubuta shi da Ibrananci. Ka juya zuwa hoton tauraron ɗan adam sannan ka zuƙo a hankali. Wallahi ranar dana fara gani sai da na ɗauka wani ne ya zana da kwamfuta ya manna, ƙauyen a zagaye yake kamar faifai amma ya ɗan miƙe kamar ƙwai, titi ya kewaye shi, gidaje sun jeru a bakin titin, bayan kowane gida akwai rumfunan shanu da na kaji, daga nan sai gona ta miƙa waje tana ƙara faɗi, kamar an yanka kankana an baje. A tsakiya kuma nan makaranta take da zauren taro da ofis da shago da sito, da gidajen waɗanda ba manoma ba irinsu malaman makaranta da masu sana'ar hannu. Kar ka wuce wajen nan da sauri, ka tsaya ka tambayi kanka me yasa aka yi shi haka, don ƙauyen da ya tsiro da kansa baya fitowa a haka, kowa ya san namu, wani ya kafa bukka kusa da rijiya ɗansa ya kafa a gefe lungu ya karkace shikenan. Wannan kuwa zana shi aka yi a takarda. Wanda ya zana sunansa Richard Kauffmann, Bayahuden Jamus ne mai zanen gine-gine da ya zo ƙasar a 1920, kuma abinda zanen yake faɗa shine babu wanda ya fi wani, nisan gidanka da makaranta kusan ɗaya ne da na maƙwabcinka, gonarka daidai da tasa. An raba filin kashi 80, 75 na iyalai 5 na makarantar koyon noma, kowane kashi kamar dunam 100. Dunam shine ma'aunin fili a can, goma ne suke bada hekta ɗaya, kaga kowane gida ya tashi da wajen hekta 10 kenan. Ka riƙe wannan lissafin domin duk takardar da zaka karanta da dunam zata yi maka magana.

Zanen yana da kyau a ido amma yana da matsala, kuma kai da kanka zaka gano in ka ƙura masa ido, da'ira in ta rufe ta rufe, ina za'a saka gida na 81? Ka ja taswirar ka gangara kudu maso yamma kaɗan zaka ga Kfar Yehoshua, shima Kauffmann ne ya zana shi a zagaye, an kafa shi a 1927, amma yawancin waɗanda aka yi daga baya ba'a bi wannan salon ba, layi-layi aka dinga yi.

Abu na biyu, kafin ka ci gaba ka raba kalmomi uku da suke rikita mutane, in ba haka ba zaka dinga haɗa labarin wani da na wani. Akwai moshava, akwai kibbutz, akwai moshav. Moshava sune tsofaffin ƙauyuka irinsu Petah Tikva na 1878 da Rishon LeZion na 1882, a nan kowa da gonarsa ta kansa, mallakarsa ce, yana ɗaukar 'yan ƙwadago kuma yawancinsu Larabawa ne. Kibbutz kuma, na farkonsu Degania ne a 1910 a bakin tafkin Galili, komai na kowa ne, gona ɗaya asusu ɗaya tukunya ɗaya. Ni yadda nake fahimtar abin, kibbutz kamar gandu ne amma babu maigida, taro ne yake yanke hukunci, shi kuma moshav kamar ace kowa an yanka masa gayaunarsa babba ya zauna da matarsa da 'ya'yansa suna nomawa, amma saye da sayarwa da rance duk tare ake yi, kuma gayya ta zama dole ba ganin dama ba. Da yawa cikin waɗanda suka kafa Nahalal sun ɗanɗana zaman tukunya ɗaya a Degania da makamantansu suka ga ba zasu iya ba, mutum yana son ya ci abinci da iyalinsa a ɗakinsa ya kuma san saniyar nan tasa ce, amma kuma basa son su koma irin masu moshava da suke tsayawa a inuwa wani yana musu noma. Tsakanin biyun suka nema.

Yanzu sai tambayar da tafi kowace nauyi, filin na waye kafin su zo? Duk tarihin da ka karanta ya tsallake wannan ka san an yi maka ƙwange.

Wajen yana cikin kwarin da Yahudawa suke kira Yezreyel Larabawa kuma suna ce masa Marj Ibn Amir, yamma da Nazarat. A zamanin Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi fa ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba, an fito da dokar rajistar filaye a 1858, kuma a shekarun 1870 gwamnati ta sayar da wani makeken yanki na kwarin ga wasu attajiran Beirut, gidan Sursock, Kiristoci ne masu kuɗin gaske. Su basa zaune a wajen basa noma, manoman ƙauyukan da suka gaji iyaye da kakanni a wajen suka wayi gari sun zama 'yan haya suna bada kaso daga amfanin gona. To da aka zo shekarun 1920 sai gidan Sursock suka sayar, fiye da dunam 200,000 a kwarin gaba ɗaya, wanda ya ƙulla cinikin a ɓangaren Yahudawa sunansa Yehoshua Hankin, shine ma aka sa wa Kfar Yehoshua sunansa, filin Nahalal kuma ya koma hannun asusun sayen ƙasa na Yahudawa da suke kira Keren Kayemet wanda aka kafa tun 1901. A takarda ciniki ne halastacce, an biya kuɗi an sa hannu. A ƙasa kuwa mutanen da suke noma wajen babu wanda ya tambaye su. Filin da Nahalal yake kai na ƙauyen Ma'alul ne, a 1921 aka sayar da shi aka bar musu dunam 2,000 kacal wanda ba zai ciyar dasu ba, kuma rigimar filin ta ja shekaru har gwamnatin Turawa ta shiga ciki. In kana jin Turanci ka nemi rahoton Hope Simpson na 1930, Baturen da Ingila ta turo ya duba maganar filaye da manoman da suka rasa gona, yana nan a intanet kyauta, yana da tsawo amma ka yi amfani da wajen bincike ka rubuta Sursock zai kaika inda kake so.

Ka koma taswira yanzu ka nemi Ma'alul, da Larabci معلول, gabas da Nahalal akan tudu ta wajen Nazarat. Ba zaka ga gari ba, dajin bishiyoyi zaka gani da aka shuka daga baya, a ciki akwai coci biyu da ragowar masallaci, da sansanin soja a gefe. Mutanen garin kusan 700 ne a ƙidayar 1945, Musulmi da Kirista, a watan Yulin 1948 sojojin Isra'ila suka kama garin, mutanen suka watse yawanci zuwa Nazarat da Yafa ta kusa da ita, ba'a bari sun dawo ba, aka rushe gidajen. Jikokinsu suna nan 'yan kilomitoci kaɗan daga wajen har gobe. Akwai wani shafi mai suna Palestine Open Maps da yake ɗora tsofaffin taswirorin Turawa akan na yanzu, ka buɗe shi ka ja tsakanin ta shekarun 1940 da ta yau, zaka ga da'irar Nahalal tana nan a duka biyun, Ma'alul kuma a ɗaya kawai yake. Ni dai nan ne na fi daɗewa ina kallo.

Sunan ma kansa ka bi shi, akwai labari a ciki. Nahalal sunan wani gari ne a Tsohon Alkawari, a littafin Joshuwa sura 19, cikin rabon kabilar Zabaluna. Malaman Yahudawa na da sun rubuta cewa garin ana kiransa Mahlul a zamaninsu, kuma ana ganin sunan Ma'alul daga nan ya samo asali. Wato Larabawan ƙauyen ne suka riƙe sunan a bakinsu ɗaruruwan shekaru, waɗanda suka zo a 1921 suka ɗauko tsohon sunan suka sa wa sabon gari. Haka aka yi a wurare da yawa a ƙasar, saboda haka duk ƙauyen da kake bincike ka tambayi sunan Larabcin da ke kusa dashi.

Ranar kafuwa, 11 ga Satumba 1921 zaka gani. Wani lokaci zaka ga an rubuta 8 ga Elul 5681 kar ka rikice, kalandar Yahudawa ce, kamar yadda muke rubuta ta Hijira ne kusa da ta Bature, rana ɗaya ce. A ranar 'yan tsiraru ne suka fara zuwa suka kafa tantuna a gindin tudu, don kwarin a lokacin akwai fadamu da ruwa ke kwanciya, sauro kamar me, zazzaɓi yana kayar da mutane, aikin farko da suka yi shine haƙa magudanai da binne bututu don a janye ruwan, daga baya suka sauko inda garin yake yanzu suka fara da bukkokin katako. Zaka ci karo da wani labari da ake yawan bayarwa, wai sun haɗu da wani tsoho a hanya ya gaya musu duk wanda ya taɓa zama a wajen mutuwa ya yi. Ka karanta shi amma ka san irin labarin da gari yake bawa 'ya'yansa ne don su ji kakanninsu jarumai ne, kuma yana sa mai sauraro ya ɗauka wajen kufai ne babu kowa. Zazzaɓin gaskiya ne, wahalar gaskiya ce, mutanen Ma'alul da suke kallonsu daga kan tudu suma gaskiya ne.

Daga nan sai ka nemi dokokin garin, kuma wannan shine ɓangaren da ɗan ƙungiyar gama-kai zai fi ƙaruwa dashi. Sunan da zaka rubuta shine Eliezer Yoffe, wani lokacin Joffe. Haifaffen daular Rasha ne, ya je Amurka ya koyi noma sannan ya taho, a 1919 ya fitar da wata 'yar ƙasida da ya shimfiɗa yadda irin wannan ƙauyen zai kasance, shekara biyu kafin a kafa tanti ko ɗaya, kuma shima yana cikin waɗanda suka zauna a garin ba wai ya rubuta ya koma birni bane. Ginshiƙan huɗu ne. Ƙasa ba ta mutum bace, ta asusun al'umma ce, haya ake baka ta shekara 49 ana sabuntawa, saboda haka ba zaka sayar wa wani attajiri ya haɗe gonaki goma ba. Sannan aikin gonarka da hannunka da na iyalinka zaka yi, babu ɗaukar ɗan ƙwadago. Sannan taimakon juna, in ka kwanta ciwo ko maigida ya rasu ya bar mace da yara, maƙwabta zasu yi karɓa-karɓa su nome gonar su tatsi shanun. Na ƙarshe saye da sayarwa ta hanyar ƙungiya, madararka da ƙwanka ka kai ma'ajiyar gari a auna a rubuta a littafinka, iri da abincin dabbobi ƙungiya ce zata sayo da yawa a raba, ba zaka zagaya ta baya ka sayar wa ɗan kasuwa ba. Babban taron mambobi ne yake yanke komai, shi yake zaɓen kwamiti, kuma sabon mutum baya shigowa sai an amince dashi.

Dokar hana ɗaukar ɗan ƙwadago ɗin nan ka juya ta ka kalli bayanta. Su a wajensu tsarkake kai ne, kar mutum ya ci gumin wani, don yawancinsu 'yan ra'ayin gurguzu ne da suka taso daga Rasha da Yukiren da Folan. Amma ga Balaraben da aka sayar da gonar da yake haya, a da ko ba komai sabon mai gona zai ɗauke shi aiki, yanzu ga ƙasa ta tafi ga aikin ma babu, kuma ƙasar da asusun ya saya ba'a sake sayar da ita. Doka ɗaya ce, ciki adalci waje kuma ƙofa a rufe. In ka gane wannan ba zaka yi mamakin jinin da ya biyo baya ba, a Disambar 1932 an jefa bam cikin wani gida a Nahalal ya kashe uba da ƙaramin ɗansa, aka danganta harin da mabiyan Shaikh Izzuddin al-Ƙassam, malamin da ya ɗauki makami akan Turawan mulki da Yahudawa, sunan da kowa ya sani yau. Mutanen garin suma ba zaune suke ba, akwai ramin ɓoye makamai na ƙungiyar Haganah, sojojin ɓoye na Yahudawa a lokacin, a ƙarƙashin wata gona wanda yanzu ake kai baƙi kallo.

Akwai wata dokar da zata baka mamaki kai da ka saba da rabon gado, gonar moshav ba'a raba ta. Ɗa ɗaya ne ko 'ya ɗaya za'a ayyana ya ci gaba da ita, sauran sai su nemi wani wajen. Dalili a fili yake, hekta 10 in ka raba wa 'ya'ya biyar jikoki kuma su sake rabawa, kafin ƙarni ɗaya kowa zai tashi da abinda bai kai filin ƙwallo ba, mu mun san wannan ciwon sarai. Sun tsare gonar amma sun sayi rigimar 'yan uwa, har yau kotunan can suna fama da shari'o'in wane ne magajin gona.

In kana son sanin mutanen gari ka je maƙabartarsu, wannan dabara ce da take aiki ko'ina. Ta Nahalal tana gefen tudun Shimron arewa da garin, ka rubuta sunanta zaka samu hotuna da jerin waɗanda ke kwance. Nan Moshe Dayan yake, mai ido ɗaya ɗin nan da yake ministan tsaro a yaƙin 1967, an haife shi a Degania a 1915, ubansa Shmuel da uwarsa Devora suna cikin waɗanda suka baro Degania suka kafa Nahalal, a nan ya tashi kuma nan aka binne shi a 1981. Nan kuma aka binne Ilan Ramon ɗan sama jannatin da ya mutu a kumbon Columbia a 2003. Kaga ɗan ƙauye mai gida 75 amma ya cika da sojoji da 'yan siyasa, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba noma kawai aka zo yi ba, kafa ƙasa aka zo yi kuma garma tana cikin kayan aikin. Kar ka manta da mata, akwai Hana Meisel wadda ta yi digirin noma a Turai ta dage sai an koya wa 'yan mata noma kamar maza, ita ta kafa makarantar noma ta 'yan mata a garin a shekarun 1920 da tallafin ƙungiyar mata ta WIZO, kashi biyar ɗin nan da na faɗa a baya nata ne. Cikin ɗalibanta akwai Hannah Senesh da ta zo daga Hangari a 1939, wadda daga baya aka sauke ta da lema a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu aka kama ta aka harbe ta a Budapest a 1944. Makarantar tana nan har yanzu, maza da mata.

Sai maganar kuɗi, wadda masu yabo basa son a taɓo. Mutanen nan sun yi aiki kamar jakuna wannan ba ƙarya bane, amma basu sayi filin da kuɗinsu ba, asusu ne ya saya da gudummawar Yahudawan duniya, kuma akwai wani asusun mai suna Keren Hayesod da aka kafa a 1920 da yake bada rancen shanu da kayan aiki da gini. Kasuwa ma an tanada, a 1926 aka kafa Tnuva, babbar ƙungiyar da take kwashe madara da ƙwai da kayan lambu daga ƙauyukan ta kai birane, Yoffe ɗin nan dai shine shugabanta na farko. To ka haɗa, fili kyauta kusan, rance mai sauƙi, mai saye a tsaye, ga mutanen da suka shekara goma ko fiye suna ƙwadago a gonakin wasu kafin a basu nasu kuma su suka zaɓi junansu. Duk wanda yace maka haɗin kai ne kawai sirrin, ka tambaye shi wa ya biya kuɗin filin.

Ka bi labarin har zuwa inda ya karkace, kar ka tsaya a 1948. Bayan kafa Isra'ila gwamnati ta ɗauki samfurin Nahalal ta buga shi ɗaruruwa, aka dinga zuba sababbin zuwa daga Maroko da Yaman da Iraƙi da sauransu a moshav, mutanen da yawancinsu basu taɓa riƙe fartanya ba kuma basu zaɓi juna ba, da yawa kuma akan filayen ƙauyukan Falasɗinawa da aka tashe su. Wasu sun yi ƙarfi wasu sun sha wuya. Sai shekarun 1980, hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari a 1984, gwamnati ta ɗaure tattalin arziki a 1985 kuɗin ruwa ya yi sama, to dama tsarin shine kowa ya tsaya wa kowa a banki, wannan abin da yake kamar alheri sai ya zama igiya, wanda ya ci bashi ya gina katafaren gida da wanda ya yi tsimi duk ruwa ɗaya ya tafi dasu, ƙungiyoyin sayen kaya na yankuna suka durƙushe, sai da aka yi doka ta musamman a 1992 don warware basussukan. Daga nan yawancin moshav suka saki maganar lamunin juna da sayarwa tare, yau da yawa daga mazaunansu a birni suke aiki, gonakin kuma 'yan ƙwadago daga Tailan ne suke nomawa, abinda Yoffe ya haramta da bakinsa. Tnuva ma an sayar, kamfanin Bright Food na Chaina ne yake da mafi yawan hannun jarinta. In kuna da ƙungiya kuna shirin cin bashin banki da sunan kowa ya tsaya wa kowa, wannan babin ku karanta shi sau biyu, adashi ma in mutum ɗaya ya ci ya gudu kun san yadda ake kwashewa balle banki.

Wani abu da ban zata ba shine labarin ya taɓo Najeriya. A ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Jihar Yamma ta Awolowo ta ga tsarin moshav ya burge ta, ministan gonarta Akin Deko ya je ya gani, a 1959 suka fara kafa ƙauyukan noma na gwamnati ana ɗebo samari da suka gama firamare ana basu fili da gida, Jihar Gabas ma ta bi sahu a zamanin Okpara. Arewa kuwa Sardauna ya ƙi karɓar tallafin Isra'ila gaba ɗaya. Na kudun basu je inda aka zata ba, kuɗin da ake kashewa akan kowane mutum ya yi yawa kuma samari da dama suka gudu birni. Ni a ganina an kwafo zanen gidaje da gonaki ne aka baro mutanen, can manya ne da suka riga suka ƙone a rana suka rubuta dokarsu da kansu, nan kuma yara ne da jami'in gwamnati ya rubuta sunansu a fom.

In zaka rubuta abinda ka tono, ka buɗe littafi ka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya abinda shafukan Isra'ila suka ce ɗaya gefen abinda na Falasɗinawa suka ce, inda suka haɗu akan shekara ko adadin dunam ka riƙe shi da ƙarfi, inda suka rabu ka koma takardun Turawan mulki na lokacin, ƙidayar 1922 da ta 1931 da lissafin ƙauyuka na 1945, suma ba waliyyai bane amma su suka auna filin. Shafin Wikipedia na Ibrananci yafi na Turanci bayani akan Nahalal, na Larabci kuma ka duba shi akan Ma'alul, Google Translate zai ja ka ko da a gurguje ne, sai dai sunayen mutane yakan murɗe su, ka dinga gwada rubutu biyu ko uku, Yoffe da Joffe, Meisel da Maisel, Ma'alul da Ma'lul da Malul. Ka ɗauki hoton allo na taswirorin tun data bata ƙare ba. In ka gama da wannan ka gwada hannunka akan Kfar Yehezkel, shine na biyu, an kafa shi a ƙarshen 1921 a gabashin kwarin, shima ka fara da taswira sannan ka nemi sunan ƙauyen Larabawan da ke kusa.